Shin ya dace a ajiye naloxone a ɗakunan kwanan ɗalibai?

Malam Idi, Tawa:
Assalamu alaikum. Na ji cewa a jihar Kaliforniya ta Amurka, tun Janairun 2023, doka ta wajabta wa manyan makarantun gwamnati da dama su raba wa ɗalibai naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne masa numfashi. Ɗana yana karatu a Yamai, kuma kowa ya san yadda tramol ya shiga hannun matasa. Shin wannan tsari zai amfane mu?

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Zai amfana, amma ba kamar can ba. Abin da ke kashe 'ya'yansu shi ne fentanil, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfin gaske, kuma naloxone yana dawo da numfashi cikin minti 2 zuwa 3, shi ya sa a Maris ɗin 2023 hukumar magungunansu ta yarda a sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Tramol kuwa, ban da danne numfashi, yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda naloxone ba ya tsayar da ita. Ƙarfin naloxone ma yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar tana nan a jiki, saboda haka ko yaron ya farka, dole a kwantar da shi a gefensa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, a kai shi asibiti.

Sani, Yamai:
Hajiya, ina tsoron yara su ɗauka an ba su izinin sha.

Hajiya Rabi:
Ɗana, naloxone ba ya sa maye, kuma wanda ya suma ba zai iya ba kansa ba, sai wanda ke kusa da shi. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi hannun irin waɗannan mutane. Ni abin da ya fi damuna shi ne abokan ɗaki, waɗanda sukan ɓoye marar lafiya suna yayyafa masa ruwa don gudun kora ko 'yan sanda. Idan hukumar jami'a ba ta rubuta cewa ba za a hukunta wanda ya nemi agaji ba, maganin zai lalace a cikin kabad.

Malam Idi:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Zan gabatar da batun horar da shugabannin ɗakunan kwana a taron iyaye.