Iyayena suna so a sa rana kafin Kirsimeti, ni kuwa ban sami salama ba

Malama daga Tudun Wada: Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekaruna 33, ina koyarwa a nan Jos. Wani ɗan'uwa mai aiki a Abuja ya turo magabatansa, iyayena kuma sun matsa a sa rana kafin Kirsimeti, tunda ƙannena biyu sun riga ni aure. Ban ga aibunsa ba, amma duk lokacin da na durƙusa addu'a a kan maganar ba na samun salama. Yaya kuka bambance jiran Ubangiji da tsoro kawai?

Dattijo daga Bukuru: Ɗiyata, ki karanta 1 Sama'ila 13. Saul ya jira kwana 7 a Gilgal, da ya ga jama'a suna watsewa sai ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa Sama'ila ya iso, sarauta kuma ta kuɓuce wa gidansa.

Uwa daga Angwan Rukuba: Ni ma haka aka yi mini. Gwaggona ta zauna a bakin gadona tana kuka, wai ana nuna ta da baki a zumuntar mata saboda ni, har na amince. Don gaggawa aka karɓi takardar gwajin jinin da mijin ya kawo ba tare da an sake gwadawa ba, ashe mu duka AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Ɗanmu na fari yana fama da sikila, kuma cikin waɗanda suka ci shinkafar bikin babu wanda ya taɓa kwana tare da ni a asibiti.

Ma'aikaciyar jinya: Ubangiji ya ƙarfafa ki, Mama. Abin takaici, gwajin ba shi da tsada sosai.

Ango daga Rayfield: Ni naira 8,000 na biya, kuma kwamitin aure na ikilisiyarmu ya ƙi karɓa sai da muka sake a inda ya zaɓa.

Ɗalibin tauhidi: Ba maganar jini ta tambaya ba. Ibrahim ya jira alkawari shekara 25, gaggawar Saratu kuwa ita ta sa ta ba shi baiwarta Hajaratu ta zama matarsa.

Uwa daga Angwan Rukuba: Ɗana, ka yi auren tukuna. Maganar wadda ta ɗanɗana ta fi ta mai karatu.

Dattijo daga Bukuru: Ba haka ba ne, Bulus bai da mata, amma shi ya rubuta 1 Korintiyawa 7. Malama ta je wurin fastonta.

Matashi daga Farin Gada: Ko yaushe aka sa ranar, ina roƙo a tanadi gwate mai yawa, domin ni azumina ba ya wuce azahar.

Ma'aikaciyar jinya: Tunda an ambaci biki, wa ya ɗora mana dokar anko kala biyu ban da gudummawar kwamiti? A Disambar bara rabin albashina a nan ya tafi.