Nisan da ke tsakanin filin jirgin Malabo da na Sawo Tome: wane lissafi zan kama?

Mai shagon atamfa, Garwa:
Assalamu alaikum. Ɗana yana aikin walda a Malabo, can tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma maigidansa zai tura shi wani aiki a tsibirin Sawo Tome. Tunda teku ce zalla a tsakani, hankalin mahaifiyarsa bai kwanta ba, sai na sa ƙaninsa ya duba mana nisan a waya, ya kuwa karanto mana lambobi uku: 436, da 271, da 235. Don Allah masu sani, wanne ne na gaskiya, kuma awa nawa zai yi a sama?

Tsohon malamin makaranta, Marwa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Duka ukun daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta, kamar yadda kake auna ƙyalle ɗaya da mita ko da yadi. Na farko kilomita ne, na biyu mil na ƙasa, na uku kuwa mil na teku, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi, kuma kowane mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne. Ka riƙe kilomita 436, ka kwatanta da Garwa zuwa Njamena, wanda a miƙe yake kusan kilomita 360.

Mai sayar da tikiti, Njamena:
Malam ya yi bayani, sai dai wannan lissafin na miƙaƙƙen layi ne, kuma ba kullum tikiti ke bin sa ba. Idan jirgin kai tsaye ne, irin mai farfela da ke gudun kilomita 500 a awa, da tashi da sauka awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Idan kuwa za a yada zango a Librebil ta Gabon, tafiyar ta doshi kilomita 675, kuma zaman jira a ƙasa kan fi zaman cikin jirgin tsawo. Saboda haka, Alhaji, ka ce ya karanta tikitin da kyau, ya ga ko akwai sauyin jirgi. Akwai kuma batun agogo, wanda na sha ganin ya rikita iyaye: Malabo lokacinta ɗaya da namu, amma Sawo Tome tana bayanmu da awa guda, shi ya sa a takarda za ka ga kamar ya tashi ƙarfe goma ya sauka goma da kwata.

Mai shagon atamfa, Garwa:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa, kuma da ta ji bai fi Njamena da yawa ba, sai ga shi ta ci abincin dare. Gobe zai turo hoton tikitin, zan sa a nan ku duba mana.