The Nerves: masu waƙar da Blondie ta ɗauka

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ana cewa waƙar "Hanging on the Telephone" asalinta ba ta Blondie, ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, ba ce. To ta su wa ce, kuma me ya hana su yin nisa?

Na Zongo: Wa alaikumus salam ƙanena. Ta The Nerves ce, mutum uku kacal: Jack Lee a gita, Peter Case a bas, Paul Collins a ganguna. A San Francisco ta Amurka suka haɗu tsakiyar shekarun 1970, daga baya suka koma Los Angeles. Duk zamansu tare faifai ɗaya suka fitar, a 1976, ɗan ƙarami mai inci 7 da waƙa huɗu: biyu na Lee, ɗaya ta Case, ɗaya ta Collins. Da kuɗin aljihunsu suka buga shi. Kiɗan power pop ne tsantsa, gita mai kaifi, muryoyi a haɗe, kowace waƙa ba ta kai minti uku ba. A 1977 suka zagaya Amurka da Kanada, har suka buɗe wa ƙungiyar mawaƙa ta Ramones wasa, amma babu babban kamfanin da zai kai faifan kantuna da gidajen rediyo. Ga marubuta uku a ƙungiya ɗaya, kowa na son tasa ta shiga gaba. A 1978 suka watse.

Ƴar Garin Malam: Yaya, a shekarar kuwa Blondie ta sa waƙar a farkon kundinta Parallel Lines, ta kai lamba 5 a Ingila. Kuɗin haƙƙin rubutu na wanda sunansa ke kan waƙa ne, wato Lee. Mai ganga ko ya fasa hannu ba ya da kaso a nan. Matasanmu masu orkesta a Damagaram su lura: a rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi launi, a kai BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, rajista tun ana shiri.

Ɗan Birni: Sauran biyun fa?

Na Zongo: Case ya kafa The Plimsouls. Collins ya kafa The Beat, sai suna ya yi karo da na wata ƙungiyar Ingila, tasa ta koma Paul Collins' Beat. Lee kuma mawaƙin Ingila Paul Young ya ɗauki waƙarsa "Come Back and Stay" a 1983. In kana neman waƙoƙin The Nerves a haɗe, nemi kundin One Way Ticket na 2008.