Mi za mu ce ma "lymph node" da Hausa?

Jama'a barkanmu da hantsi. An ba ni aikin yi ma mata bayanin kansar mama a wani ƙauye kusa da Argungu, na zo wurin lymph node na tsaya cak. Su ne ƙananan ƙullutan nan awa ƙwayar wake da ke tace wani ruwa na jiki su kama ƙwayoyin cuta, akwai su ɗaruruwa ga jikin mutum, ga wuya, ƙarƙashin haɓa, bayan kunne, ƙeya, hamata, matsematsi, har bayan gwiwa, wasu kuma can cikin ƙirji da ciki inda hannu bai kai. To mi za ni ce musu?

Daga Gusau: Haba malama, ai kaluluwa ce, mi kike wahal da kanki. Muna yara in ka yi tuntuɓe yatsa ya ruru sai ka ji abu ya taso ma ga matsematsi kana ɗingishi, kakarmu ta ɗumama muciya ta danna. Shi ne wanga abu.

Daga Jega: Yaya ban yarda duka ba. Mu kaluluwa sai ta kumbura muke kiranta haka, ciwo ce. Mai lafiya in ka ce mai shina da kaluluwa ɗari biyar ai sai ya ce ka zage shi. Ni dai a ce matatar jiki.

Daga Gusau: Matata? To ƙoda fa, ita mi take yi in ba tacewa ba? Za ka rikita tsohi.

Daga Yauri: Ni ma'aikacin lafiya ne, kaluluwa muke cewa ga asibiti kuma ana ganewa nan take. Tibi ma takan kama ta wuya, mutane su ɗauka hangum ne, alhali hangum kumburin wurin da miyau ke hitowa ne gaban kunne, daban suke.

To na gode muku. Na tsaya ga kaluluwa don ita ce ga bakin mutane, in ta taso in ce kumburin kaluluwa. Abin da ni ka so matan su riƙe dai shi ne ta hamata, in ta yi tauri ba ciwo, sati biyu ko uku ba ta sace ba, a bar muciya a tahi asibiti.

Daga Jega: Shi kenan hajiya, na janye matatata, amma ki hwara gaya musu kowa da ita anka haihe shi.