Don Allah a taimaka, taswirarmu ta rabu gida-gida

Sakataren Matasa: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Kano. Daminar bara ruwa ya shiga gidaje, har katangar makwabcinmu ta zube, shi ne mai unguwa ya tara mu bayan sallar isha'i, aka yi ta cacar baki kan wanda ke zuba shara a kwata, daga ƙarshe aka ce a zana taswirar magudanan ruwa a kai wa ƙaramar hukuma. Aka ɗora min, don na ɗan taɓa QGIS, manhajar zana taswira, a makaranta. Ina tura fayil ta WhatsApp, kowa ya zana layinsa ya dawo min da shi. Yanzu kowa da tasa taswirar. Wani fayil ma ya ƙi buɗuwa, kuma wasu kwatocin sun bi ta tsakiyar ɗakunan mutane. Ga damina ta matso. Yaya zan yi?

Tsohon Safiyo: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, tun daga tushe ka ɓata. Shapefile, irin fayil ɗin taswirar da kake turawa, ba fayil ɗaya ba ne. Sai .shp da .shx da .dbf sun tafi tare, in kuma babu .prj, QGIS bai san ma'aunin da aka yi aiki da shi wajen auna wurare ba. Yaranka .shp kaɗai suke turo maka, shi ya sa ya ƙi buɗuwa. Ka mayar da komai GeoPackage, wanda fayil ɗaya ne, ka ɗora a Mergin Maps ko QFieldCloud, manhajojin aikin taswira tare, kowa ya zana a wayarsa ko babu intanet, in ya samu sabis ya aika, a haɗe gyaran wuri ɗaya. Maganar kwata cikin ɗaki kuwa, ina ka samo taswirar da kuka ɗora a kai?

Sakataren Matasa: Yallaɓai, wani ne ya ba mu, tsohuwa ce. Amma WhatsApp ɗin ba ganganci ba ne, shi kowa ya iya.

Tsohon Safiyo: Na faɗa! A kan tsohon ma'aunin taswirar Najeriya da ake kira Minna take, wayoyinku kuma ma'aunin GPS, wato WGS 84, suke bi. A wajen Kano tazarar ta kai kusan mita 80 gabas da yamma. Gaya wa QGIS asalin ma'aunin kowane shafin taswira, sannan ku yi aiki a UTM 32N, ma'aunin mita na shiyyar da Kano take.

Maman Biyu: Malam, duk wannan wahalar don kwata? Google My Maps ya ishe su. A ba kowa izinin gyara, shafi 10 ake samu a taswira ɗaya. Mu da shi muka yi na rijiyoyin burtsatse. Ko da yake wata ta goge min rabin aiki, har yau ba ta ce uffan ba, kuma mun kai rahoto ofis an jefa a durowa. Allah ya isa kawai.

Ɗan Taswira: Ku sa a OpenStreetMap mana, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, kowa ya amfana. Tasking Manager, manhajar raba aiki ta ƙungiyar agaji ta HOT, yana yanka yanki murabba'i-murabba'i, wanda ya ɗauki ɗaya sai a kulle masa, babu mai hawa kan aikin wani. Sharaɗi dai, ba a kwafo daga Google.

Tsohon Safiyo: Hajiya, My Maps wasan yara ne, sai da data. Kai kuma, buɗe aiki a Tasking Manager ba na kowa ba ne, sai mai izini. Kuma hoton tauraron ɗan adam ba ya nuna kwatar da aka rufe da silab, sai an taka da ƙafa.

Sakataren Matasa: Na gode, amma ba ku fahimce ni ba. A teburin bayanan taswirarmu akwai sunayen masu gidajen da suka toshe kwata, ba zan baza wa duniya ba. Kuma rabin yaran wayarsu ba ta da wurin sabuwar manhaja. Ni dai hanyar haɗe fayilolin nan nake nema, ba sabon aiki ba.

Tsohon Safiyo: Haɗewa ai minti biyu ne da Merge Vector Layers na cikin QGIS, amma duk kwatar da take cikin fayilin farko za ta fito sau adadin mutanenka. Ka zauna kana gogewa har kaka.

Maman Biyu: Wai mai unguwar ya san kun rubuta sunayen mutane?

Sakataren Matasa: Wannan wata magana ce daban, Hajiya. Akwai mai kwamfutar da zai ara mana ranar Asabar?