Bakin rigar sanyi yana nannaɗewa

Sabuwar hannu, Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina saƙa wa ɗan ƙanwata rigar sanyi kafin hunturu ya shigo. Ulun a kasuwar Sabon Gari na saya, tsinkena milimita 4. Amma bakin rigar sai nannaɗewa yake kamar tabarma. Na warware sau 2, kaina ya ɗaure.

Anti daga Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Halin saƙa mai santsi ke nan, wato wadda ake yin layi guda duk saƙar gaba, na biye duk saƙar baya. Ki fara da layi 6 na saƙar gaba 1, saƙar baya 1, bi da bi, da tsinke milimita 3. Zai kwanta.

Hajiya, Kofar Doka:
'Yata, kada ki kuskura ki ɗora masa dutsen guga. In ulun roba ne, narkewa yake. Hular jikana haka ta tafi, har yau ina jin haushi.

Sabuwar hannu:
Wayyo Hajiya, ai har na jona dutsen!