Sinadarin hayaluronik da garkuwar jiki: taƙaitaccen abin da aka tattauna

An tattauna ne kan yadda hayaluronik, wani sinadari mai yauƙi da jiki ke samarwa wanda siffarsa kamar sarƙa take, ke shafar garkuwar jiki. Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa tasirinsa ya dogara ne da tsawon sarƙarsa. Doguwar sarƙa, irin wadda ke cikin lafiyayyar fata da ruwan gaɓoɓi, tana kwantar da kumburi. Idan kuwa rauni ko cuta ta daddatsa ta, gutsattsarin na iya zama alamar haɗari da ke tayar da fararen ƙwayoyin jini. Waɗannan ƙwayoyi suna kama sinadarin ne ta wani furotin mai suna CD44, wanda ke taimaka musu maƙalewa a bangon jijiya kafin su kutsa wurin da ya kumbura. Abin mamaki, ƙwayar cutar Streptococcus pyogenes, bakteriyar da ke haddasa ciwon maƙogwaro, takan lulluɓe kanta da wannan sinadari don garkuwa ta ɗauke ta a matsayin ɗan gida.

An ɗan yi saɓani kan ko gutsattsarin ne da kansu ke tayar da garkuwa, domin wasu sun tunatar cewa gurɓatar samfuri da dafin bakteriya ta rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje.

Shawarar da ta fi ƙarfi ta shafi allurar cike fata, wato ta kwalliya da ake yi da wannan sinadari: a jinkirta ta idan akwai zazzaɓi, ciwon haƙori ko ƙurji a wurin, tunda kumburi kan iya tasowa makonni bayan allurar. Mai cutar da garkuwa ke yaƙar jikinsa ya sanar da likita tukuna. Ƙwayoyin haɗiya na hayaluronik kuwa, ba a ga dalilin sayen su don ƙarfafa garkuwa ba.